Lambar da Kawu Ya Ɓoye

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya daɗe yana sayen kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin, tun ina rarrafe. Abu ɗaya ne ya riƙe shi a kasuwa duk shekarun nan, jallabiyar yara. Ba wai shi kaɗai ke kawo ta ba, kowa na kawowa. Amma tasa ba ta zuba, ba ta tsukewa in an wanke, kuma wuyan ba ya warwarewa ko da yaro ya yi dambe a cikinta ranar Sallah. Iyaye mata sun gane ta da hannu. A kasuwar Kwari ta Kano in uwa ta shafa yadin ta ce "wannan ba ta Alhaji ba ce", to ciniki ya mutu.

Inda ake ɗinka masa kuwa, ba wanda ya sani. In ba ka yi zaman garin nan ba, ba za ka gane ba. Mutanenmu a nan za su ci tuwo kwano ɗaya, su yi sallah sahu ɗaya, in ka kwanta ciwo su kwashe ka su kai asibiti su zauna da kai. Amma ka tambayi mutum wane kamfani ke masa aiki, sai ya kalle ka kamar ka ce ya nuna maka hoton matarsa. Kawu ya fi kowa. In za shi wurin, sai ya hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya nufi arewa, ya sauka, ya tsaya yana kallon mutane, sannan ya sake hawa ya dawo kudu, wai ko akwai mai bin sa. Mutum mai ciwon gwiwa fa. In zai kira su ta wayar hannu, banɗaki yake shiga ya kunna famfo. Ni da nake zaune tare da shi, nake bin masa kaya, nake rubuta alama a jikin kwalaye, abin da na sani kawai shi ne wurin yana unguwar Panyu. Shi ma don ya taɓa suɓutar baki ne yana zagin cunkoson tashar.

Na taɓa yi masa ƙorafi. Ya ce, "Kai ɗana ne, ba na musu. Amma ubanka yana da shago a Kwari."

Haka kawai. Ya ci gaba da shan shayinsa.

Shi lawban ɗin kamfanin, wato maigidan, tsoho ne irin Kawu, kuma Allah ya haɗa su a hali. Ba ya canja komai a ɗinki sai ya ga takarda da hatimin Kawu a jiki. Kawu kuma ba ya tura hoto ta waya, wai hoto yawo yake, ka tura wa mutum ɗaya gobe ka gan shi a hannun goma. Shagon da ake tura faks a ƙasan titi kuwa ba ya taka shi, don 'yan Kano ne ke zaman kashe wando a bakin ƙofar. Sai ya zama da wata tsohuwar laftof yake aika faks ɗinsa, mai modem a ciki, irin wadda ake soka wa igiyar wayar tebur ta yi ta kuka kafin ta haɗu. Baƙa ce, mai kauri, nauyinta kamar dutsen guga. Batirin ya mutu tun zamanin da, in caja ta ɗan motsa sai ta ɗauke. Kawu yana naɗe ta a zanin gado kamar jaririya.

A tsohon gidanmu ba ta taɓa ba shi matsala ba. Sai muka tashi muka koma wani bene a unguwar Liwan, kusa da kasuwar yadi, irin benen nan da kowane ɗaki rabi ofis ne rabi wurin kwana, kuma Hausawa sun cika hawa-hawa. Kawu ya ƙi yarda a ɗaukar masa akwatin takardunsa, shi ya hau da shi, gwiwar ta kumbura ta yi kamar gwanda.

Ana cikin haka samfurin jallabiyar Sallah ya iso, babu aljihun gefe. Kawu ya juya rigar, ya sake juyawa, ya zura hannu inda aljihu ya kamata ya kasance, hannun ya zame.

"Yaron Kano ba aljihu? Ina zai sa goron Sallah? A baki?"

Ya ja ƙafa ya shiga banɗaki, famfo ya fara zuba. Da ya fito ya ce lawban ya ce da yamma za su fara yanka, don in suka ƙara jinkiri kaya ba za su kama jirgin ruwan da zai tashi daga tashar Nansha ba, su isa Kano bayan an gama Sallah. In takarda ta zo kafin nan, za a sa aljihu. In ba ta zo ba, haka za a yanka.

Na ce, "Kawu, ba ni takardar in kai da hannu mana. Metro ne fa."

Ya kalle ni ta saman gilashi. "Ka kai ina?"

"To ka ɗauki hoto ka tura."

"Ɗauko min kwamfuta."

Ya zana riga da biro, ya yi kibiya biyu a gefe, ya buga hatimi da ƙarfi har tebur ya girgiza, muka sa a ƙaramar sikanarsa mai ɗaukar hoton takarda. Duk wannan ya tafi lafiya. Da aka zo wurin sa lamba ya ce in juya baya. Na juya ina kallon bango kamar ɗan makarantar da ya yi laifi, ina jin yana danna maɓalli ɗaya-ɗaya da yatsa guda. Da ya gama ya yago ɗan kwali daga kwalin shayi ya manna da salatif a kan gilashin laftof ɗin, daidai inda lambar take. Sannan ya ce in juyo in yi aikina.

Na danna aika. Laftof ta yi tunani, ta fito da saƙo wai babu sautin layi.

Gaskiya ni ban taɓa kiran kowa da wayar tebur ba a rayuwata. Ta ɗakinmu ma tunda muka zo ba wanda ya ɗaga ta, cire igiyarta kawai muka yi muka soka a laftof. Sai na ciro wayata na fara bincike. Duk amsoshin da na samu an rubuta su tun ina firamare, kuma rabin masu tambayar ba su dawo sun ce ko sun dace ba. Wataƙila har yanzu suna can suna jira.

Na fara da igiya. Ɗan filastik ɗin da ke riƙe kanta a rami ya karye, tana shiga tana fitowa. Na tokare ta da tsinken sakace. Na sake dannawa. Yanzu kuma wai ba ta ga modem ɗin ba gaba ɗaya, abin da ke cikin cikinta. Na kashe na kunna. Kunnuwar laftof ɗin Kawu ba abin wasa ba ce, za ka iya yin alwala ka dawo tana nan tana nuna maka tambari. Na cire manhajar modem ɗin na sake sa ta. Na shiga wurin da ake zaɓen ƙasa, na tarar an bar shi a wata ƙasar da Kawu bai taɓa zuwa ba, na mayar da shi Sin. Na cire alamar da ke cewa ta jira sautin layi kafin ta kira, don wani bawan Allah a intanet ya rantse da iyayensa cewa wannan ne maganin.

Kawu yana zaune a bakin gado, ƙafa a kan matashi, yana ba da umarni.

"Hura mata iska a ramin."

"Kawu, ba ƙura ba ce."

"Ka hura dai. Uwarka ta ce ka karanta kwamfuta."

"Kasuwanci na karanta."

"To shi ya sa."

Na hura. Na danna. Sai ga ƙarar lambobi, ti-ti-ti, sannan waya ta fara ringin a can. Kawu ya miƙe zaune. "Ka gani? Iska."

Aka ɗauka. Maimakon kukan faks sai muka ji wata 'yar murya siririya ta ramin sifika tana cewa "Wei? Wei?", yadda Sinawa ke amsa waya. Modem ɗinmu ya fasa mata ƙara a kunne. Aka kife.

Kawu ya ce matar lawban ce, ba ta san faks ba ne, in sake. Na sake. "Wei?" Ƙara. Kifewa. Kawu ya koma banɗaki, famfo ya zuba, ya fito yana cewa lawban ya ce injinsa ko motsi bai yi ba, meyo, wato babu komai, kuma matarsa ma ba ta gari.

Na ce, "To lambar ce. Bari in gani."

"Lambar lafiyarta lau. Tun kana rarrafe nake kiran ta."

"Ba zan haddace ba, wallahi. Kallo ɗaya."

"Kallo ɗaya ai shi ne kallo."

Ka ji aikin da aka ba ni. In gyara abu, amma wurin da ciwon yake an manne shi da kwalin shayi. Kamar a kai ka wurin mai haƙori a ce ya duba ko'ina ban da baki.

A daidai nan mutumin Kumasi ya leƙo. Shi ne mai yi mana lodin kwantena, ɗan zango, ƙato mai fara'a, ba ya shiga ɗaki sai da dariya. Ya zo tambayar yaushe kayanmu za su shirya. Ya ga laftof, ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Ei, Alaji! Wannan abu yana da rai har yanzu? Kakana ya yi aiki da irin shi."

"Ta fi ka lafiya," in ji Kawu.

"Masa, maigida, ka bar shi ya huta. Ka ba ni lamba, yarinyan ofis ɗina ya tura maka yanzu-yanzu."

"Allah ya kiyaye."

"Ni ba na sayar da riga, Alaji. Kwali nake ɗauka."

"Kwalin wa da wa kake ɗauka?"

Mutumin Kumasi ya yi dariya har da tafa hannu, ya nemi wuri a kan buhun samfur ya zauna. Ya ce shi ba inda za shi sai ya ga ƙarshen wannan fim. Ya ba da tasa shawarar, wai a ɗaga bayan laftof ɗin a sa littafi a ƙasa don zafi ne ya yi mata yawa. Muka sa. Kawu ya ce a canja igiya, na sauka ƙasa cikin zafin nan mai danƙo na zaga shago uku. Biyu suka ce meyo tun kafin in gama nuna musu, na ukun wata tsohuwa ta tono min ɗaya daga ƙasan kwali, ta kalle ni da tausayi.

Da sabuwar igiya muka sake kira. Aka ɗauka. Wannan karon muryar ba ta ce "Wei" ba. Cewa ta yi, a fili, "A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim!" Aka kife.

Muka kalli juna. Mutumin Kumasi ya ce, "Alaji, lawban ɗinka ya musulunta?"

Kawu ya yi tsaki. Ya ce in sake. Na sake, ba a ɗauka ba.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Alhajin sama ne. Haka muke kiran sa don a saman benen yake. Sa'an Kawu ne, tare suka fara zuwa ƙasar nan, shagonsa a Kwari yana kallon na Kawu, kuma shi ma jallabiyar yara yake kawowa, wadda ke zuba a wankin farko. Kullum suna gaisawa da hannu biyu, suna tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, kowa yana addu'ar kwantenar ɗan'uwansa ta makale a tashar ruwa. Ya shigo da carbi a hannu, ransa a ɓace.

"Alhaji, don Allah ku ma wayar ɗakinku tana yi muku haka? Tun safe wani la'ananne yake kira na. In na ɗauka sai ya yi min fito a kunne, wani irin ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Na sauka risafshan, wurin masu karɓar baƙi, sun ce daga cikin gidan nan ne. Na tofe wayar, na cire ta daga bango."

Mutumin Kumasi ya zame daga kan buhu. Dariya yake har ba sauti, yana nuna laftof da yatsa.

Alhajin sama ya bi yatsan da ido. Ya ga laftof, ya ga igiya ta tafi bango, ya ga kwalin shayi a manne. Mutum ne mai saurin lissafi. Fuskarsa ta saki a hankali, kamar an kawo masa albishir.

"Au. Kai ne, Alhaji?"

"Ni ban kira ka ba."

"Faks kake turawa?"

"Wani ɗan saƙo ne na gida."

"Na gida. Madalla." Ya juyo gare ni. "Ɗana, kun sa tara a gaba?"

"Wace tara, Baba?"

"Ai gidan nan duk wayoyin ta risafshan suke bi. In waje za ka kira sai ka fara danna tara. In ba ka danna ba, lamba ukun farko kawai take ɗauka ta kai ka ɗakin da ke da su." Ya ja carbi. "Ka ga ke nan lambar gidan naku da lambar ɗakina ta fara. Ikon Allah. Saura biyar."

Na kalli Kawu. Rabin yini muna hura iska, muna tokare igiya, muna sauya ƙasa, ashe abin da ya rage lamba ɗaya ce, a cikin akwatin sa lamba da aka hana ni gani. Da na ga akwatin ma ba lallai in gane ba, wannan gaskiya ne. Amma da na cire laftof Kawu ya kira lambar da wayar tebur tun da safe, da Alhajin sama ya ɗauka sun gaisa an wuce wurin.

Yanzu fa matsala ta canja. An san magani, amma wanda ake gudu yana ɗakin. Kuma ba yadda za a yi ka ce wa dattijo sa'anka ya fita, bayan kai ka hana shi sakat tun safe. Kawu ya ce in zuba wa Alhaji shayi, da muryar da ke nufin Allah ya sa ya ƙone shi. Alhajin sama ya karɓa, ya gyara zama a kujera ɗaya tilo da muke da ita, ya ce ai ba ya sauri. Azahar ta yi, ya ce a yi jam'i a nan kawai tunda ƙafar Alhaji ba ta hawa bene. Shi ya ja mu. Bai taɓa doguwar sallah irin ta ranar ba. Kawu yana zaune a bakin gado yana bi, ido ɗaya a kan laftof.

Da aka shafa, Kawu ya jawo ni gefe, gefen da bai wuce taku ɗaya daga kowa ba, ya yi ƙasa da murya.

"Tara kawai?"

"Tara, sai waƙafi, sannan lambar."

"Waƙafin na mene ne?"

"Don ta ɗan jira layin waje ya buɗe."

"Ina yake?"

Na nuna masa maɓallin. Ya ce kowa ya yi haƙuri. Ya ɗauko hiraminsa ya lulluɓe kansa da laftof gaba ɗaya, kamar masu ɗaukar hoton da. Muna zaune muna kallon wani tudu fari yana motsi, muna jin ƙarar ɓare salatif, da numfashi, da tsaki. Can ya ce daga ciki, "Ya goge duka!" Na ce ya sake rubutawa. Alhajin sama ya ce, "In duhu ya yi maka yawa, Alhaji, ka karanto in danna maka." Tudun ya ci gaba da dannawa.

Sai ti-ti-ti. Ɗan shiru. Ti-ti-ti-ti. Ringin. Aka ɗauka, kuma wannan karon wani kuka ne ya amsa daga can, namu ya mayar, suka yi ta yi wa juna ihu kamar kuliyoyi biyu a kan katanga, sannan suka daidaita suka koma shuuu. Ban taɓa zaton zan ji daɗin wannan ƙarar ba. Mutumin Kumasi ya ɗaga hannu sama yana cewa "Ya tafi, ya tafi!" Na riƙe cajar da hannu biyu kada ta motsa.

Laftof ta yi ƙaramin ƙararrawa. Daga ƙarƙashin hirami Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi!"

Da ya tsaya nan, da shi ke nan. Amma tun safe ake yi wa kwamfutarsa dariya, an ce ta mutu, an ce ta kaka ce, kuma ga abokin hamayya a zaune yana shan shayinsa. Kawu ya yaye hiramin da ƙarfi, gumi na zuba, hula ta karkace, ya kama laftof ɗin ya juyo da ita wajenmu.

"Ku karanta! Wa ya ce ba ta aiki? Ku karanta da kanku!"

Muka karanta. Wani sabon akwati ne ya fito a tsakiyar gilashin, nesa da inda kwalin shayi ke rufewa. An rubuta an aika lafiya, shafi ɗaya. A ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe, ga lambar da aka aika wa, cikakkiya, da tararta da waƙafinta.

Na yi wuf na sha gaba, amma ɗakin ƙarami ne, ni kuma siriri ne. Na waiga na ga leɓen Alhajin sama yana motsi a hankali, idonsa a lumshe, yatsunsa a kan carbi. Wanda bai san shi ba zai ce tasbihi yake. Mutumin da ya haddace izu sittin tun kafin ya yi gemu, lamba biyar za ta gagare shi?

Ya buɗe ido ya ce, "Masha Allah. Gaskiya kwamfutar nan tana da kyau, Alhaji. Kada ka sayar." Ya ajiye kofi, ya yi godiyar shayi, ya yi wa ƙafar Kawu addu'a, ya fita. Mun ji takunsa a matakala da sauri.

Kawu ya juyo da laftof ɗin ya kalla. Ya daɗe yana kallo. Mutumin Kumasi, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya tashi a hankali ya ce zai dawo gobe.

"Me ya sa ba ka gaya min tana nunawa ba?" in ji Kawu.

"Kawu, ban taɓa ganin ta aika ba. Kullum bango nake kallo."

Bayan la'asar ya fito daga banɗaki ya ce takarda ta isa, za a sa aljihu. Ko famfo bai kunna ba.

Washegari da sassafe ya tashe ni ya ce in shirya, za mu Panyu, in riƙe shi a matakala. Zai je ya ja wa lawban kunne kada ya karɓi aikin kowa daga Kano. Ba mu yi arewa ba, kai tsaye muka tafi. A cikin jirgin ya ce in na gaya wa ubana bai yafe ba. Na ce to.

Wurin ba wani abin a zo a gani ba ne. Wani lungu, bene mai hawa uku, kekunan ɗinki suna ta ruri, tarin farin yadi har rufi. Na yi shekaru ina zaton wata fada ce. Aka kai mu ofis. Ga lawban, ɗan tsoho mai rigar shan iska, yana zuba shayi a 'yan kofunan nan kamar murfin kwalba. Ga injin faks a kusurwa da tukunyar fure a kansa. Ga kuma Alhajin sama a kan kujera, ya cire takalmi, ya harɗe, samfurin jallabiya a cinyarsa yana shafa wuyan.

"A'a, Alhaji! Sannu da zuwa. Da ka ce za ka zo ai da mun taho tare. Ya ƙafar? Ga wuri, ga wuri."

Ashe tun jiya ya kira, ɗan lawban ya turo masa taswira ta waya.

Kawu bai zauna ba. Ya ja lawban gefe, da ɗan Turancinsa da ɗan Sinancinsa da hannu, yana nuna kansa, yana nuna shekaru da yatsu, yana nuna Alhajin sama yana girgiza kai. Lawban yana ta murmushi yana gyaɗa kai, ya dafa kafaɗar Kawu ya ce shi aboki ne, tsohon aboki, babban aboki. Sannan ya nuna Alhajin sama ya ce wannan ma aboki. Ya nuna kekunan ɗinki ya ce suna da yawa, suna son aiki. Maganar a ba mutum ɗaya kuwa, meyo. Ya ƙara wa kowa shayi.

Kawu ya zauna, don ƙafar ba za ta ƙara ɗaukar sa ba. Ya shanye ɗan kofin a kurɓa ɗaya. Alhajin sama ya matso da kujera.

"Alhaji, abin da ya faru ya faru. Ni nawa ba zai cika kwantena ba, na san naka ma da saura. Tunda wuri ɗaya za a ɗauka, mu haɗa mana. Mota ɗaya zuwa Nansha, takarda ɗaya, kowa ya huta."

Na ɗauka Kawu zai watsa masa shayi. Sai ya murza gwiwa, yana kallon ƙasa. Lawban ya sake cika masa kofi.

"Naka za a fara lodawa," in ji Kawu.

"Ni? Ai girmanka ne, a fara da naka."

"A'a. Naka a can ciki. Nawa a bakin ƙofa. In an buɗe a Kano nawa za a fara saukewa, kuma ba a taɓa naka sai nawa ya shiga Kwari."

Alhajin sama ya gyara zama. Ya ja carbi biyu.

"Kwana nawa zan jira?"

"Zauna sosai," in ji Kawu, ya tura masa kofi. "Yanzu za mu yi magana."